Yaron Da Ke Saman Fili

Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, duk daren Juma'a, ƙananan garuruwan Amurka kan yi dafifi a filin wasan makarantar sakandare. Fitilu a kunne, 'yan badujala suna kaɗawa, iyaye sun cika bencina, yara 22 sanye da hular kwano suna gwabzawa a kan ƙwallo mai siffar ƙwai. Shekara da shekaru, akwai mutum guda a wannan taro da ba ya tafi, ba ya ihu, ba ya ko zama. Yana can sama, a kan rufin ɗakin 'yan jarida ko a kan wani dandamalin ƙarfe, idonsa manne da kyamara. Wani lokaci ɗalibi ne da ƙirar jikinsa ba ta kai ta shiga fili ba, wani lokaci mahaifin ɗan wasa ne da aka roƙa alfarma. A yau, a dubban makarantu, babu mai hawa wurin. Wani ƙaramin akwati ne a kafe, yana kunna kansa idan lokaci ya yi, ya bi wasan, ya aika da bidiyon ta intanet.

Kafin a auna abin da wannan canji ya kawo da abin da ya ɗauke, sai an fahimci dalilin da ya sa bidiyo ya zama jinin jikin wannan wasa. Ƙwallon Amurka ya sha bamban da ƙwallon ƙafar da ake kallo a gidajen kallo na Kano ko Maraɗi, inda leda ke yawo minti 45 kusan ba tsayawa. Shi wasa ne na gutsure-gutsure. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi goma. Kowace dama daƙiƙu kaɗan take ɗauka, sai a tsaya, a sake jeri, a sake shiri. A 2010 jaridar Wall Street Journal ta ƙirga ta gano cewa a wasan gasar NFL da ke cin kusan awa uku, minti 11 kacal ake yi ana fafatawa. A cikin waɗannan 'yan daƙiƙu mutum 22 ke motsi lokaci guda, kowa da aikin da aka ba shi. Babu idon da zai iya tattara wannan duka daga bakin fili. Shi ya sa idan aka tambayi koci bayan wasa me ya faru, amsar da ta zama al'ada ita ce sai ya kalli fim tukuna.

Al'adar tsohuwa ce. Paul Brown, wanda ya jagoranci Cleveland Browns tun daga 1946, yana cikin waɗanda suka fara mayar da nazarin fim aiki mai tsari, har yana ba kowane ɗan wasa maki bisa abin da majigi ya nuna. Sid Gillman kuwa a gidan silimar mahaifinsa a Minneapolis ya fara, yana yanke ɓangarorin ƙwallo daga fina-finan labarai yana tafiya da su gida domin nazari. Daga fim mai faɗin milimita 16 aka koma kaset, daga kaset aka koma faifan DVD. A matakin sakandare, masu horarwa sun daɗe suna tuƙa mota da safiyar Asabar, su haɗu da takwarorinsu a tsakiyar hanya su yi musayar kaset, domin kowa ya san abokin karawarsa na mako mai zuwa.

Hoton da koci ke so ba irin na talabijin ba ne. Talabijin tana bin ƙwallo da fuskar gwarzo. Koci yana son kusurwa biyu: ɗaya daga gefen fili, mai faɗin da zai nuna dukkan 'yan wasa 22, ɗaya kuma daga ƙarshen fili, mai nuna tazarar da ke tsakanin ƙartin da ke layin gaba da yadda kowa ya ajiye ƙafarsa. Duka biyun suna buƙatar tsayi. Nan ne aka riƙa ɗora matasa a kan hasumiya da injinan ɗaga mutum sama, ko ana sanyi ko ana iska.

Ranar 27 ga Oktoba, 2010, a Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiana, wani ɗalibi mai shekara 20 yana ɗaukar atisayen ƙungiyar daga kan irin wannan inji, mai ƙafafun ƙarfe da ke miƙewa kamar almakashi, a tsayin kusan ƙafa 40. Iska mai gudun da ya haura kilomita 80 a awa guda ta kifar da injin, yaron ya rasu. Jim kaɗan kafin haka ya rubuta a Twitter cewa yana cikin tsoro. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta jihar ta ci jami'ar tara, ita kuma jami'ar ta daina amfani da injinan, ta kafa kyamarori a kan dogayen turaku da ake sarrafawa daga cikin ɗaki. Waɗancan kyamarori hannun mutum ke juya su, amma sun nuna alƙiblar da aka dosa. Duk wanda zai yi kewar zamanin da, ya kamata ya fara tuna wannan rana. Atisayen ranar Laraba bai kai darajar ran ɗan mutum ba.

Kyamarar da ke bin wasa da kanta ta ƙarasa abin da aka faro. Abin mamaki game da ita shi ne, galibi ba ta juyawa ko kaɗan. A cikin akwatin akwai idanu biyu ko fiye, kowanne yana kallon wani sashe na fili. Manhaja ce ke ɗinke hotunan su zama shimfiɗa ɗaya mai faɗi, sannan ƙirƙirarriyar basira da aka horar da ɗimbin wasanni ta gano inda 'yan wasa suka taru da inda suka nufa, ta yanko wannan yanki ta faɗaɗa shi. Mai kallo sai ya ga kamar wani ne ke karkata kyamara. Kamfanin Pixellot na Isra'ila, wanda aka kafa a 2013, yana cikin na gaba-gaba a wannan fasaha. Hudl kuwa, wanda wasu ɗaliban Jami'ar Nebraska su uku suka kafa a Lincoln a 2006, da manhajar raba bidiyo ya fara, wadda ta kashe tafiyar safiyar Asabar, kafin ya fito da kyamararsa mai suna Focus.

Annobar korona ce ta buɗe musu ƙofa. A 2020, lokacin da aka hana 'yan kallo shiga filaye, kafar NFHS Network mai watsa wasannin sakandare ta yi wa makarantu tayin kyamarorin Pixellot har guda biyu kyauta. Kakar da ba ta iya fita ta ga jikanta a waya. Makarantar karkara da ba ta da ma'aikacin bidiyo ta sami abin da a da sai masu hali. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da yara kimanin miliyan ɗaya ke buga wasan a sakandare, kuma wasunsu ke fatan ya zame musu hanyar samun tallafin karatun jami'a. Masu farautar 'yan wasa ba za su iya zuwa kowane ƙauye ba, bidiyo suke kallo. Yaron da ba a ɗauke shi ba, tamkar bai buga ba.

Sai dai na'urar tana da makanta irin tata. A Oktoban 2020, a wasan ƙwallon ƙafa tsakanin Inverness Caledonian Thistle da Ayr United a Sikotilan, kyamarar Pixellot ta riƙa barin ƙwallo tana bin sanƙon mataimakin alƙalin wasa. An yi dariya, an gyara. Matsalar ƙwallon Amurka ta fi wannan zurfi, domin wasan a kan yaudara aka gina shi. Ƙwallon ruwan ƙasa ne, yawancin lokaci a rungume yake a hammata. Mai jagorantar hari yakan miƙa hannu kamar ya ba abokinsa, alhali ƙwallo na hannunsa, kuma burinsa shi ne mutum 11 su bi wanda bai ɗauki komai ba. Dabarar da aka tsara don ta ruɗi ɗan Adam tana iya ruɗar manhaja. Gogaggen mai ɗauka ya san cewa idan dama ta uku ce kuma saura yadi 12, jifa mai nisa na tafe, sai ya buɗe hoton tun kafin a fara. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Nan ake zuwa ga asarar da ba a cika lissafawa ba. Wannan aiki na wahala makaranta ne. Wanda ya ɗauki wasa ɗari, yana kunnawa yana kashewa a kowace dama, yana kuma zama har tsakar dare yana rarraba bidiyon gida-gida, yakan wayi gari yana karanta wasan kamar littafi. Bill Belichick, wanda ya ci kofin Super Bowl sau shida a matsayin babban kocin New England Patriots, tun yana yaro yake nazarin fim a gefen mahaifinsa, mai leƙo asirin abokan karawa ga ƙungiyar makarantar sojan ruwa ta Amurka. A 1975 ya kama aiki da Baltimore Colts a kan dala 25 a mako, kuma fim ne babban aikinsa. Ɗakin bidiyo ya kasance ƙofar baya ta shiga sana'ar ga wanda ba shi da suna ko ƙarfin jiki. Yanzu ɗauka ta koma hannun na'ura, rarrabawar ma makarantu da yawa kamfani suke biya ya yi musu, su karɓa an gama.

Kuskure ne a ce a mayar da yaron kan hasumiya. Amma kuskure ne kuma a ɗauka cewa tunda hoto ya samu, gani ma ya samu. Kyamara tana ajiye abin da ya faru. Ba ta san cewa mai tsaron gefen hagu yana jingina nauyinsa a kan dugadugai duk lokacin da za a yi jifa ba, sai wani ya zauna ya maimaita wurin sau goma ya lura. Masu horarwar da suka gane haka ba su sallami yaron ba. Sun sauko da shi, sun ba shi kujera a gaban allo, sun ce ya gaya musu abin da ya gani. A daren Juma'a akwatin yana can sama a cikin iska shi kaɗai, yaron kuma yana ƙasa, da alƙalami a hannu.