Jinin cibiyar da muke binnewa

A gidanmu nan Sabo, duk haihuwar da aka yi, Inna ce ke karɓar mabiyiya, ta wanke ta, ta nemi lungun da siminti bai ci ba a binne. Yanzu lungun ma ya yi wuya, gidan haya ne, ko'ina an shafe. Ba mu taɓa tunanin akwai wani amfani a ciki ba, sai da sikila ta kwantar da ɗan yayarmu karo na huɗu a shekara guda, likita ya kawo zancen dashen ɓargo.

Ya ce dashe na warkarwa, amma da haɗari. Garkuwar jikin wanda ya bayar takan ɗauki jikin yaron a matsayin baƙo, ta far wa fata da hanta da hanji. Nan jikinmu ya yi sanyi.

Ashe a cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu 'yan kaɗan da aikinsu raba faɗa ne, kamar dattawan unguwa in rikici ya tashi a kasuwa. Wani Bajapane, Shimon Sakaguchi, shi ya gano su a 1995, kuma a 2025 ya samu kyautar Nobel tare da Amurkawa biyu. Jinin cibiya na ɗauke da su, sai dai ba su da yawa, dole a raine su a ɗakin gwaje-gwaje har su hayayyafa. A Jami'ar Minnesota an raine su kwana 18, aka ƙara wa mutum 23 masu kansar jini da aka yi wa dashe. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna wannan farmakin ya ragu.

Kada mu ruɗi kanmu fa, abin yana matakin gwaji, kuma ba masu sikila aka gwada wa ba. Amma dashen jinin cibiya shi kansa tun 1988 aka fara shi a Faransa, kuma na ƙane ya warkar da wa mai sikila, in jininsu ya dace.

Yayarmu na da ciki wata shida. Da muka faɗa wa Inna, ta yi shiru, can ta ce, "To in sun ɗebi jinin, za su ba ni sauran in binne?" Mun tambayi likita. Ya ce sai an yanke cibiya ake ɗiba, ba ya taɓa uwa ko jariri, sauran kuma nata ne.