Jajjagen Maƙwabciyata

Akwai wani abu da na aikata a ƙasar Amurka wanda har yau in na tuna shi sai kunya ta kama ni, kuma ta dalilinsa ne na iya haɗa salsa. Sau uku ina juye abincin wata dattijuwa a kwandon shara, sau uku ina mayar mata da kwanonta ina ce mata ya yi daɗi.

Karatu ne ya kai maigidana birnin Houston da ke jihar Teksas, ni kuma na bi shi da cikin wata huɗu. Unguwar da muka samu haya cike take da 'yan asalin Meziko, har na riƙa mamakin yadda allunan shaguna suka fi yawa da Sifaniyanci. Sai daga baya na san cewa Teksas ɗin kanta yankin Meziko ce har zuwa shekarar 1836. Maigida kan fita da sassafe, sai dare yake dawowa. Ni kaɗai nake wuni tsakanin bango huɗu, ba mai sallama, ba yaron maƙwabta da zai leƙo a aike shi. Ga laulayi, ga kewar gida.

Ƙofarmu tana kallon ta wata dattijuwa 'yar jihar Puebla, wadda ke zaune da ɗanta da jikarta 'yar shekara goma. Senyora nake kiranta, kamar yadda na ji kowa yana yi. Aikin sharar ofisoshi take yi da dare, ta dawo da asuba. Turancinta bai wuce gaisuwa ba, ni kuma ko kalma ɗaya ta Sifaniyanci ban sani ba, don haka murmushi ne kawai ke haɗa mu a bakin matakala.

Wata rana da hantsi na ji an ƙwanƙwasa. Ina buɗewa na gan ta riƙe da faranti an rufe shi da ƙyalle. Ta nuna cikina, ta nuna farantin, ta miƙo mini. Da na shiga na buɗe, sai ga dafaffen wake an dame shi ya yi laushi, ga wasu faifayen gurasar masara masu ɗumi da suke kira tortiya, ga kuma wani jan abu a ƙaramin kwano mai kama da jajjagen da ba a soya ba. Ƙamshin ya daki hancina, yawuna ya tsinke. Amma tun kafin mu taso daga gida an ja mini kunne cewa mutanen nan da man alade suke girki. Na tsaya ina kallon farantin har ya huce. Daga nan na juye komai a leda, na ƙulle, na tura can ƙasan shara. Na wanke kwanukan na mayar, na ɗaga mata babban yatsa. Ta yi dariya har da dafa ƙirji.

Bayan mako guda ta sake kawowa, na sake zubarwa. A karo na uku, da na je mayar da kwano, jikar tana gida, sai ta zama tafinta. Senyora ta ce a tambaye ni yadda na ji yajin salsar. Ni da na san an ce 'yan Meziko akwai cin yaji, sai na ce ai ya yi zafi sosai, har da su fifita baki da hannu. Yarinyar ta fassara. Dattijuwar ta yi shiru tana kallona. Can ta faɗi wata gajeriyar magana, yarinyar ta sunkuyar da kai kafin ta ce mini: "Kakata ta ce ba ta sa barkono ko ɗaya a ciki ba, saboda jaririnki."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban ga wata mafita ba, sai na faɗi gaskiya: ni Musulma ce, ba na cin alade, na ji tsoron abin da ke ciki, kuma na ji nauyin in tambaya.

Amsar da ta ba ni ba ita na zata ba. Ta ce lallai waken nan da manteka ta yi shi, wato man alade, haka uwarta ta koya mata, kuma haka akasarin mutanensu suke yi. Ke nan tsorona yana da tushe. Amma tortiyar masara ce da ruwa kawai, salsar kuwa tumatir ce da albasa da tafarnuwa da gishiri. Ta ce da na tambaya tun ranar farko, da man girki na gwangwani za ta sa a waken, ba abin wahala ba ne. Abin da ya sosa mata rai shi ne ta dawo aiki da asuba, ta hana idonta barci ta tsaya a gaban murhu, abincin kuma ya ƙare a shara. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi kwanonta ta rufe ƙofa a hankali.

Daren nan ban runtsa ba. Ni da na tashi a gidan da ko ƙwayar shinkafa ta faɗi sai Hajiyarmu ta sa an tsince ta, ni ce na zubar da faranti uku. Na ɗauka shirun da na yi kara ce da kawaici, alhali kuwa guje wa minti biyu na jin nauyi kawai na yi, na bar baiwar Allah tana asarar barcinta da kuɗinta.

Kwana biyu ba mu haɗu ba. A na uku jikar ta zo ta ce kakarta tana kira. Na shiga gabana yana faɗuwa. A kan teburin kicin ta jera komai a fili: tumatir huɗu, koren barkono biyu da suke kira serrano, rabin albasa, tafarnuwa ƙwaya biyu, da gishiri. A gefe ga wani baƙin turmin dutse mai ƙafa uku da 'yar taɓaryarsa. Ta nuna mini kayan ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe tafukan hannunta alamar babu saura. Turmin, in ji jikar, sunansa molkahete, daga dutsen aman wuta ake sassaƙa shi, kuma wannan tun daga Puebla ta taho da shi a cikin kayan sawarta, nama bai taɓa shiga cikinsa ba.

Ta ɗora wani faffaɗan kasko marar zurfi a wuta, komal suke ce masa, ba ta zuba mai ko ɗigo ba. Ta jera tumatir da barkono da albasa da tafarnuwar da ɓawonta. Tafarnuwa ta fara saukewa, don tana ɗaci in ta ƙone. Sauran ta bar su tana juyawa da yatsu har fatar tumatir ta yi baƙi-baƙi ta fara tsagewa tana tsiyayar da ruwa. Na kai hannu zan ɓare baƙin, ta buge mini hannu. Ashe a nan daɗin yake. Ta fara niƙa tafarnuwa da gishiri har suka zama kamar man shafawa, ta sa barkono, ta sa albasa, tumatir ne na ƙarshe, shi ma ba ta bari ya yi laushin markaɗe ba. Ina ganin haka na ce a raina, wannan ai jajjage ne. Bambancin kawai, mu sai mun jajjaga muke kai wa wuta mu soya da mai, su kuwa wutar ce farko, turmi ya biyo baya, daga turmi sai baki.

Ta ɗumama tortiya a kan kaskon, ta zuba salsa cokali ɗaya, ta yayyafa gishiri, ta naɗe ta miƙo mini. Na yi bisimilla na gatsa. Ɗumi, ɗan ƙaurin gashi, tsamin tumatir, sannan yajin ya taso daga baya a hankali. Wata biyu rabon da abinci ya zauna mini a ciki, amma ranar tortiya biyar na ci a tsaye. Tana kallona tana cewa "kome, miha". Yarinyar ta ce ma'anarsa, ci, 'yata. Daga ranar na daina ce mata Senyora, na koma Mama.

A wannan kicin na san cewa salsa ba abu ɗaya ba ce. Kalmar a Sifaniyanci tana nufin duk wani miya ko romon da ake haɗa abinci da shi. Akwai ja irin wadda muka fara yi. Akwai koriya, da ake yi da tomatiyo, wani ɗan koren abu mai tsami da ke zuwa cikin riga kamar takarda. Akwai ɗanya da suke kira piko de gayo, wadda ba ta ganin wuta: a yanka tumatir da albasa da koren barkono ƙanana, a sa wani ganye mai ƙamshi da ake kira silantoro, a matsa lemun tsami, a sa gishiri. Ja da fari da kore, launin tutar ƙasarsu, shi ya sa wasu ke ce mata salsa mehikana. Ranar da na fara ganinta sai na tuna tumatir da albasar da mai tsire ke yanka mana a gefen takarda.

Wata rana na shigo mata da attaruhu da na samo a shagon 'yan Afirka, ina alfahari zan nuna mata barkonon ƙasarmu. Ta shinshina ta ce ai wannan ɗan uwan habanero ne, irin wanda mutanen Yukatan ke ci. Na ce namu ne, ta ce nasu ne, muka yi ta ja-in-ja ta bakin yarinya. Da na bincika, ita ce mai gaskiya. Duk wani barkono, da tattasai da attaruhu, daga nahiyar Amurka ya fito. Tumatir ma haka, sunansa ya samo asali daga kalmar tomatl ta harshen Nahuwatil, harshen Aztek. Masara kuwa a kudancin Meziko aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Bayan Sifaniyawa sun ci babban birnin Aztek a 1521, wani limamin kirista mai suna Bernardino de Sahagun ya rubuta yadda ake sayar da miyar barkono da tumatir a kasuwanninsu. Wato tun kafin tumatir ya taɓa shiga tukunyar Bahaushiya, kakannin Mama suna jajjaga shi a kan dutse. Na zauna ina lissafa miyar dage-dage da tuwon masara da yajin ƙuli, ina tunanin me zai rage a kicin ɗinmu in aka ce kowa ya ɗauki nasa.

Ni ma dai na rama. Ranar da ta zuba mini wani jan abin sha mai sanyi ta ce sunansa hamaika, ina kurɓa na fashe da dariya, don zoɓo ne tsagwaronsa. Na gaya mata a jihar Jigawa buhu-buhu ake nomansa, kuma Meziko na cikin manyan masu sayensa daga Najeriya. Na dafa mata namu da citta da kanumfari. Ta ce ya yi ƙarfi, amma ta shanye, kuma na tabbata ta shanye don a gabana ta sha.

Tun daga nan tambaya ta daina yi mini nauyi. A gidan abinci nakan tambaya ko akwai manteka a wake ko a tortiyar fulawa, don ita ma wasu da shi suke murza ta. Na koyi cewa tako al fasto naman alade ne, ko da yake gashinsa irin na shawarma ne da 'yan Lebanon suka kai Puebla. Ba wanda ya taɓa ɓata rai don na tambaya. Da na haihu, Mama ce ta riƙa shigo mini da romon kaza, kazar kuma maigidana take sa wa ya sayo daga mahautan Musulmi, ba tare da kowa ya ce ta yi hakan ba.

Da lokacin komowarmu ya yi, ta so ta ba ni molkahete sabo, nauyin kaya ya hana. Yanzu a Kano ƙaramin turmin jajjagena nake amfani da shi, in gasa tumatir a kaskon tuya ko a kan garwashi, attaruhu rabi ya maye gurbin serrano. Ranar farko da na ajiye wa Hajiyarmu, ta leƙa kwanon ta ce, "Ke kuma ɗanyen jajjage za ki ba ni? Man ne ya ƙare a gidan?" Na ce ta dai taɓa. Ta dangwala da gurasa, ta sake dangwalawa, ba ta ce komai ba. Washegari ta aiko a tambaye ni ko akwai ragowar jajjagen nan na Nasara. Na aika mata da cewa ba na Nasara ba ne, na Mama ne 'yar Puebla. Yanzu da shi take cin ɗanwake.

Lambar wayar Mama ta daina shiga shekara biyu da suka wuce, kuma ban san ko ta koma Puebla ba kamar yadda take yawan fata. Na ba ta haƙuri tun a wancan lokacin, ta ce ya wuce. Amma duk ranar da na ɗora tumatir a wuta fatarsa ta fara baƙi, sai na tuna farantai ukun nan, musamman na ukun, wanda ta cire wa barkono saboda ɗan da ke cikina. Yaron yanzu ya isa cin yaji, kuma ya fi kowa a gidan son salsa.