Kalankuwar Da da ta Yanzu

A cikin daminar bara samarin unguwarmu a Batsari suka aiko mini ɗan ƙanena, wai suna roƙo in rubuta musu dokokin wasan kalankuwa, tun da ya ke aikin rubutu na ke yi a ofis. Yawancinsu 'ya'yan ƙauyukan bakin dajin Rugu ne, waɗanda ɓarayin daji suka tasa tun wajen 2019, suka shigo gari da iyayensu. Waɗansu ma ba su taɓa ganin wasan ba, sai dai labari. Na ce to, ina tsammani aikin dare ɗaya ne. Ashe zan yi wata guda ban ɗora alƙalami bisa takarda ba.

Ga wanda bai sani ba, kalankuwa wasa ne na samari da 'yammata da a kan yi da kaka, in an gama girbi. Samari su kan naɗa ɗaya daga cikinsu sarki, wani alƙali, waɗansu 'yan doka, kowa ya sa tufafin muƙaminsa, ya riƙa magana da tafiya kamar mai muƙamin na gaske. A kafa majalisa, a kawo ƙara, a yi shari'a, a ci mutane tarar wasa.

To, akwai wani kawuna, mutumin ƙasar Safana, ya haura shekara 80, shi ma gudun nan ne ya kawo shi gidana. Da ya ji abin da a ke shiri sai ya ce, "Kai ɗan nan, kada ka ɓata takardarka. Kalankuwa ta mutu tun ran da aka rushe En'e." Ya ce su a zamaninsu, wajen samun mulkin kai a 1960, su kan naɗa Razdan da Di'o, da hular hana salla da tafinta, Sarki kuwa da dogaransa. Na ce, "Kawu, ai mu ma mun yi kalankuwa, amma Gwamnan soja muka naɗa, da Ciyaman." Gama En'e ta ƙare da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, tun ba a haife ni ba, muka tashi muka tarar da soja ke mulki har 1999. Ya ce, "Taku kwaikwayo ce, ta yaran nan kuwa kwaikwayon kwaikwayo." Maganar ta yi mini zafi, ta kuma tsaya mini a rai. In tasa ce ta gaskiya, ashe ni ban taɓa yin kalankuwa ba. In kuwa kowace iri kalankuwa ce, me zan rubuta?

Ina cikin wannan zulumi, ran nan na tarad da ɗan ƙanen nan nawa yana duba wani littafi mai kauri, na Turanci. Yana karatu a jami'a a Katsina, can ya koyi wani wasa da abokansa, sunansa Dungeons & Dragons. Ya bayyana mini yadda a ke yi. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani, wannan mayaƙi, wancan mai siddabaru. Mutum guda shi ne mai ba da labari, shi ne kuma alƙalin wasa. Ya ce musu ga su a bakin kogo, su kuwa su faɗi abin da za su yi. In abin mai wuya ne sai a jefa wani ɗan ƙwallo mai fuska 20 da lambobi, kamar na lido, a ga ko an dace. Ba kuɗi a ciki, balle a ce caca. Na ce, "Af, ashe kalankuwa ce ta zaune!" Ya yi dariya, ya ce, "Baba, har gardamarku da Kawu su ma suna yinta."

Ga yadda abin ya ke. Waɗansu mutum biyu ne a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan a 1974, cikin 'yan littattafai uku, matsayin da a ke iya ɗauka kuwa uku ne kaɗai. Aka yi ta sake buga shi ana sauya dokoki. Bugu na biyu ya fito a 1989. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye na farko, watau TSR, ya fid da bugu na uku a 2000, na huɗu a 2008, na biyar a 2014, wanda babban littafinsa ke da matsayi 12. Har lissafin sulke ya juye: da, ƙaramar lamba ita ce sulke mai kyau, daga 2000 sai babba. Bugu na huɗu ya sauya abubuwa da yawa, har mutane da dama suka ce ba wasansu ba ne, ko da ya ke sunan na nan a bayan littafi. A 2009 wani kamfani, Paizo, ya buga wasa mai suna Pathfinder bisa dokokin bugu na uku, da yawa suka koma can.

Na tambaye shi, "To, mene ne bai taɓa sauyawa ba?" Ya yi shiru, sa'an nan ya lissafa. Halaye shida da a ke auna kowane jarumi da su, watau ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Hawa daraja mataki-mataki. Ƙwallon nan mai fuska 20. Sai alƙalin wasa wanda kowa ya yarda da hukuncinsa, da kuma cewa ba wanda ya san ƙarshen labari, har shi alƙalin.

A daren nan na gane kuskurena. Ina ta neman kalankuwa a cikin sunayen muƙamai, alhali su riga ce, kowane zamani da irin ɗinkinsa. Samari su kan kwaikwayi ikon da suka gani da idonsu ne. Kawu ya ga Razdan, ni na ga soja, yaran nan sun ga Sanata da Kansila. Suna kuwa shi kaɗai ba ya riƙe wasa, ga shi mutanen Amurka sun bar mai sunan sun bi mai halin. Ma'aunin da na samu shi ne, in tsohon ɗan wasa ya iso dandali, ya duba, ya san wurin zamansa ba sai an nuna masa ba, to, wasan nan shi ne.

Sabo da haka abin da na rubuta bai cika shafi ɗaya ba. Na ce a naɗa muƙaman da aka ga dama, a yi da rana a cikin gari tun da ya ke dare ba ya yiwuwa. Amma abu uku ba a taɓa su. Na ɗaya, wanda aka naɗa ya riƙe muƙaminsa da gaske har a tashi. Na biyu, duk wanda alƙalin samari ya kira ya amsa, ko da furfurarsa. Na uku, kada a shirya shari'a tun a gida kamar fim. Samarin sun so a yi da hutun makaranta cikin Agusta, nan kam na goyi bayan Kawu. Kalankuwa murnar kaka ce, wanda bai ga dami ba, murnar me zai yi? Ko kaɗan aka samu a gonakin bakin gari, a jira shi.

Da kaka ta yi aka buga wasan. Kawu ya ce ba shi zuwa, amma la'asar na yi sai ga shi a bayan taro da sandarsa. Ba a jima ba 'yan doka biyu suka kewaye shi, wai Alƙali na kira, an yi ƙararsa ya ce kalankuwa ta mutu. Gabana ya faɗi, don na san zafin zuciyarsa. Sai na ga ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban yaron da bai kai jikansa ba, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na faɗa." Aka ci shi tarar goro 10, ya biya.

A hanyar gida bai ce mini kome ba, sai da muka kai ƙofa ya ce rawanin Alƙalin bai naɗu daidai ba, baɗi a turo masa yaron ya koya masa. Allah ya kai mu baɗin, ya kuma mai da kowa gonarsa lafiya, amin.