Zuwa Da Kai Ya Fi Saƙo

Idan aka yi wa Bahaushe rasuwa, yana lura da waɗanda suka aiko da gaisuwa, yana kuma lura da waɗanda suka tako da ƙafarsu suka zauna tare da shi a tabarma. Kalmomin ta'aziyyar duk ɗaya ne, amma masu zuwa da kansu su ne ba a mantawa da su. Da wannan misali nake amsa wa ɗalibaina duk lokacin da suka tambayi abin da mu Kiristoci muke nufi da cewa Allah ya zama mutum cikin Yesu Almasihu.

Na san 'yan'uwana Musulmi ba su yarda da wannan ba. Suna girmama Annabi Isa, sun gaskata budurwa Maryamu ce ta haife shi, amma a wurinsu bawan Allah ne kuma manzonsa. Bambanci ne na gaske, kuma rufa-rufa a kansa ba za ta ƙara mana zumunci ba.

Koyarwar Kirista ita ce, Allah ya sha aiko annabawa, sai dai ciwon ɗan Adam ya wuce ƙarancin wa'azi. Zunubi da mutuwa sun riga sun shiga jini da tsoka, don haka dole maganin ya shiga inda cutar take. Wannan ce hujjar Atanasiyus na Iskandariya, a ƙasar Masar, a littafin da ya rubuta kan batun cikin ƙarni na 4.

Ikilisiyar farko ta sha fama da waɗanda abin ya yi wa nauyi. Wasu suka ce jikin Yesu siffa ce kawai, bai ji yunwa ba, bai ji zafin ƙusa ba. Apolinariyus ya ce Almasihu ya ɗauki jikin mutum amma ban da hankalin mutum. Giregori na Naziyanzus ya mayar masa da cewa duk ɓangaren ɗan Adam da Almasihu bai ɗauka ba, to bai warkar da shi ba. Taron Kustantiniya na shekarar 381 ya yi watsi da ra'ayin Apolinariyus, taron Kalsidon na 451 kuma ya tabbatar da cewa Yesu cikakken Allah ne, cikakken mutum ne.

Abin da ke damuna shi ne, tsohuwar karkatar nan ta dawo mana da sabuwar riga. A majami'u da yawa a ƙasar nan ana auna albarka da mota da bene, har talaka ya koma gida yana zargin kansa da raunin bangaskiya. Mai irin wannan wa'azi, ko da bai faɗa da baki ba, yana jin kunyar jikin da ke gajiya, yake rashin lafiya, yake kwana da yunwa. Alhali irin wannan jikin ne muka ce Allah ya ɗauka.

Ina so masu wa'azin su sake buɗe Bisharar Luka, sura ta 2. Da aka kai jaririn haikali a Urushalima, tsuntsaye biyu iyayensa suka miƙa. Bisa dokar Littafin Firistoci, sura ta 12, wannan hadayar macen da ba ta da halin kawo ɗan rago ce.