Wuta Ɗaya, Awo Uku

A wurin Bahaushe duk wuta wuta ce: ta murhu, ta ƙwan lantarki, har da wadda ke fizgar mutum in ya taɓa waya tsirara. Ni ma haka na ɗauka, sai a shekarar 2021, lokacin da aka lalata turakun da ke kawo wa Maiduguri lantarki daga Damaturu, gari ya yi wata da watanni cikin duhu. Da cinikin zoɓo mai sanyi mahaifiyata ke biya mini kuɗin makaranta, don haka ta kwashi adashinta, ta haɗa da kuɗin tumakinta, aka sa mana sola a gidanmu da ke Gwange.

Wata safiya firji ya ƙi tashi. Wani mai gyara ya leƙa, ko taɓawa bai yi ba, ya ce batir ya mutu. Mama ta yi tagumi.

Da yamma kawuna mai gyaran rediyo ya zo da 'yar mitarsa mai tsinke biyu, ja da baƙi. Ya ce, "Yaya, kada ki sayi komai tukuna." Ya murɗa ta zuwa V mai miƙaƙƙen layi, ya ɗora tsinken a kan batir, sai ga 12.6. Cikakken batir ke nan. Ya koma V mai lanƙwasa, ya auna soket, ya sami 230. Daga nan ya zare wayar firjin, ya sa mitar a inda take yin ƙara muddin waya ba ta tsinke ba. Shiru. Ashe ɓera ne ya gwaguye ta ta baya.

Da na dame shi da tambaya, sai ya yi mini misali da famfo. Bolt shi ne ƙarfin da ke turo ruwa, amfiya yawan ruwan da ke wucewa, om kuwa ƙuncin bututun. Abu uku ke nan, mu kuma kalma ɗaya muka ba su. Na so in kai wannan aji mu yi muhawara.

Kafin nan dai rawar kai ta ja ni. Washegari na ari mitar, na manta jan tsinken yana ramin 10A, na dangwala wa batir. Tartsatsi ya tashi, fiyus ɗin cikinta ya ƙone. Da kuɗin motata na sayi sabo, ranar da ƙafa na dawo gida.