Abin da Na Koya a Zumuntar Mata

A majami'un Arewa, ko ECWA ce ko COCIN ko EYN, da zane iri ɗaya da bugun tulu ake gane matan zumunta ranar Lahadi. Amma yawancin aikinsu tsakanin Litinin da Asabar yake: a ɗakin mai jego, a bakin gadon asibiti, a gidan makoki. Na daɗe cikin wannan hidima a Jos, kuma ban san wadda aka taɓa biya ko sisin kwabo ba.

Babban darasina a ƙarshen 2014 na same shi. A watan Oktoba na shekarar Boko Haram suka kama Mubi da hedkwatar EYN da ke Kwarhi. Ikilisiyar da aka dasa a Garkida tun 1923 sai da ta kwaso ofisoshinta zuwa Jos, jama'arta da yawa kuma suka biyo baya, wasu daga su sai kayan jikinsu. A makonnin farko kowa ya yi rawar gani. Masara, tabarmi, barguna saboda sanyin Jos, har wurin ajiya ya yi kaɗan. Da tafiya ta yi nisa, hannu ya fara sanyi, alhali a lokacin ne kuɗin haya da na makaranta suka taso. Wanda ya iya kuka a gaban jama'a ya samu. Mai kunya, musamman gwauruwar da ba ta san kowa a gari ba, ta kwana da yunwa ba wanda ya sani.

Abin da ya cece mu littafin rubutu ne na 'yan makaranta. Shugabarmu ta rubuta sunan kowane gida, ta ɗora shi a wuyan mata biyu. A taron mako sai a kira sunan gidan, su biyun su miƙe su faɗi ranar da suka je da abin da suka tarar. Tausayi duk muna da shi tun da farko, amma sai da aka ce wance ce ke da gidan wane kafin ya isa inda ake bukatarsa. Tun daga nan haka muke yi da makoki: bayan an watse, an mayar da kujeru da rumfa, ziyararmu take farawa.

Na kuma koyi rufe baki. Mudun shinkafar da aka kai da yamma, ba a ambaci suna a sanarwa ba, ya fi buhun da aka miƙa a gaban bagade ana ɗaukar hoto. Na ga matar da ta daina zuwa sujada saboda an tsayar da ita a gaban jama'a an ba ta zane.

Akwai abin da ke ci mini rai har yanzu. Mata kaɗan ne ke ɗauke da wannan kaya, su ne a mawaƙa, su ne a Makarantar Lahadi, su ne a girkin biki. Wasunsu ma gwauraye ne, daga ribar ƙosai suke cire kuɗin Keke zuwa asibiti. In an yi magana sai a ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. To, a Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi ƙorafin ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, maza bakwai aka zaɓa su riƙe aikin, har da Istifanas da Filibus.

Iyayenmu dattawa da 'yan'uwanmu na Zumuntar Maza, akwai tsofaffin da ke kwance sai namiji zai iya ɗaga su ya yi musu wanka, akwai marayu samari da ba za su buɗe wa mace cikinsu ba. Ku sayi naku littafin, ku raba gidajen a tsakaninku tun daga taronku mai zuwa.