Ɗaki ya cika, babu wurin mutum

Duk wanda ke shiga gidajen manyan ƴan kasuwa da na ma'aikata a Maraɗi, Damagaram ko Yamai, abu guda yake tararwa: ɗakin baƙi cike maƙil da kaya. Ga fotai shida ko takwas masu kaurin yadi, ga darduma daga bango zuwa bango, rido mai nauyi ya toshe taga, ga kuma bife shaƙe da tangaran ɗin da ba a taɓa zuba tuwo a ciki ba. An ƙawata ɗakin domin idon baƙon da zai yi rabin awa ya tafi, an manta da masu gidan da za su kwana su tashi a cikinsa.

Wani ma'aikacin gwamnati, haifaffen unguwar Birni a Damagaram, ya bi wannan hanya sa'ad da ya gina gidansa a Maraɗi. Ya shiga sayayya ne bayan karyewar darajar kuɗin Sefa a watan Janairu na shekarar 1994, lokacin da kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, don haka rabin kayan da bashi ya ɗauke su. Ya sare dogon yaron da ke tsakar gida aka shafe wurin da siminti. Inda ya kamata a yi zaure, ya gina wa mota ɗaki. Rufin kwanon kuwa aka bar shi tsirara, domin kuɗin da za a yi masa rufi na biyu daga ciki ya tafi ga kujeru.

Bazara ce ta fara tona asiri. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Kwano ya ɗauki rana ya juye ta cikin ɗaki, siminti ya sha ta da yini ya amayar da dare. Bantilatar ba ta yin komi sai juya iska mai zafi, in kuran ya ɗauke kuma kowa ya yi waje. Da hunturu ya zo, ƙura ta sami mazauni a darduma da rido, autan gidan ya kama tari.

Da mahaifiyarsa ta zo ganin gida, kwana uku ba ta zauna a ɗakin ba, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar katanga. Ya ce, "Inna, ba ki shiga ki huta?" Ta ce, "Ɗan nan, ɗakinka ya cika, amma babu wurin mutum. Ina zan miƙe ƙafa? Ina zan yi salla?"

Maganar ta zauna masa a rai. Ya sayar da kujeru huɗu ya rage bashi, ya naɗe darduma ya shimfiɗa tabarmin kaba, ya sa labule mai shara-shara, ya buɗe taga ta biyu daura da ta farko domin iska ta ratsa. Ya dasa wani dogon yaron, amma sai da aka yi shekaru kafin ya ba da inuwa. Gatari ya yi aikinsa a yini guda.

Abin da ya gano daga baya, magina na gargajiya sun daɗe da saninsa. Katangar ƙasa mai kauri tana tsare zafin rana har maraice. A Birni, ado na zane yana jikin bangon waje, ciki kuwa fili ne. Ba aikin raini ba ne: masallacin Yama na jihar Tawa, ginin ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a shekarar 1986.

Iyayen amare su ne suka fi bukatar wannan tunani. Sau da yawa ana jinkirta aure, ko a sayar da gona, domin jeren da zai hana amarya wurin juyawa a ɗakinta. Zanen aro ba ya rufe katara. Kafin a kai kaya cikin ɗaki, a fara auna hanyar iska da wurin shimfiɗa tabarmar salla. Abin da ya rage na fili, shi za a yi wa sayayya.